Kwamfuta da gizago: yadda zanen na'ura ya shiga sana'ar kafinta da sassaƙa

A wannan mako shafinmu na sana'o'i ya leƙa rumfar kafintoci da masassaƙa. Kowa ya san kayan aikinsu tun kaka da kakanni: gatari, gizago, zarto, kurfi, guduma, sai mitar awo da fensir a bayan kunne. To amma yau a ƙasashe da dama an samu wani baƙo da ya shigo rumfar ya zauna, shi ne na'ura mai ƙwaƙwalwa, wato kwamfuta. Da ita ake zana kujera ko ƙofa tun ba a taɓa katako ba, ita ce kuma ke ba inji umarnin yadda zai yanka. Wasu masu sana'a na murna da zuwanta, wasu na ganin ta zo ne ta raba su da abincinsu, wasu kuma na cewa duk abin da na'ura ta sa wa hannu ya tashi daga aikin hannu. Domin mu fahimci inda gaskiya take, za mu duba yadda abin yake aiki, mu ga wani babban aiki da aka yi a ƙasar Faransa, sannan mu dawo gida mu ga abin da ya shafe mu.

Aiki biyu ne, ba ɗaya ba

Abu na farko da ya kamata mai karatu ya riƙe shi ne, aiki biyu ne ake haɗawa a baki ɗaya. Na farko shi ne zane da kwamfuta, wanda masu Faransanci ke taƙaitawa da CAO, masu Ingilishi kuma CAD. Kafinta zai zauna ya zana abin da yake son yi da awonsa na gaskiya, tsawo da faɗi da kauri, har zuwa milimita. Zai iya juya zanen ya dube shi ta gaba, ta baya, ta sama, ya buɗe ƙofar kabad ya ga ko za ta bugi bango, ya ƙara tsawon ƙafar tebur sauran sassan su gyaru. Duk wannan ba a ɓata ko tsinke ɗaya na katako ba.

Na biyu shi ne sarrafa inji da kwamfuta, wato FAO ko CAM. A nan wata manhaja ce ke ɗaukar zanen ta maida shi hanyar da haƙorin inji zai bi: inda zai fara, zurfin da zai shiga a kowane zagaye, saurin tafiyarsa, da inda zai ɗaga. Wannan hanya ana rubuta ta cikin jerin lambobi da ake kira G-code, sai a miƙa ma injin yanka da aka fi sani da CNC. Injin na da haƙori mai juyawa da sauri ƙwarai, sau 18.000 ko ma 24.000 a minti guda, yana tafiya dama da hagu, gaba da baya, sama da ƙasa, a kan katakon da aka ɗaure masa.

Mutum na iya yin na farko ba tare da na biyu ba. Zai zana a kwamfuta, ya buga a takarda, ya ɗauki zartonsa ya yanka da hannu. Wannan bambanci shi ne ginshiƙin maganarmu ta yau.

Daga ina abin ya samo asali?

Ba don kafintoci aka ƙirƙiro waɗannan dabaru ba. A ƙarshen shekarun 1940, wani Ba'amurke mai suna John Parsons, wanda masana'antarsa ke ƙera fukafukan jirgin sama mai saukar ungulu, ya fara amfani da lissafin lambobi domin jagorantar yankan ƙarfe. A shekarar 1952 jami'ar MIT ta Amurka ta nuna injin farko da ke karanta umarni daga wata doguwar takarda mai huji-huji. A 1963, a wannan jami'a dai, wani ɗalibi mai suna Ivan Sutherland ya gabatar da Sketchpad, manhajar da ta ba mutum damar yin zane kai tsaye a fuskar kwamfuta. A Faransa kuma, injiniya Pierre Bézier na kamfanin motoci na Renault ya yi aiki a shekarun 1960 kan lissafin layuka masu lanƙwasa domin zana jikin mota, kuma har yau da wannan lissafi ake zana lanƙwasar bayan kujera.

Shekaru da dama abin na hannun manyan masana'antu ne kawai saboda tsada. Sai a 1982 da AutoCAD ta fito domin ƙananan kwamfutoci, sannan SketchUp a shekarar 2000, wadda ta samu karɓuwa wajen kafintoci saboda sauƙin koyonta. A yau akwai ma waɗanda ake saukewa kyauta daga intanet, kamar FreeCAD, LibreCAD da Inkscape, kuma duk ukun ana iya maida su Faransanci.

Darasin rufin Notre-Dame

Ranar Litinin 15 ga Afrilu 2019 da maraice, gobara ta tashi a babbar majami'ar Notre-Dame da ke birnin Paris. Ginin na dutse ne, amma ƙashin rufinsa na icce ne, wani icce mai tauri da Faransawa ke kira shen. An sassaƙa mafi yawansa tun ƙarni na 13, kuma yawan itatuwan da ke ciki ya sa ake yi masa laƙabi da «daji». Tsawonsa ya haura mita 100, tsayinsa mita 10. A dare ɗaya wuta ta cinye shi, dogon tsinin hasumiyar mai mita 96 da aka kafa a 1859 shi ma ya faɗo.

Da aka zo maganar sake gini, ra'ayi ya rabu. Wasu sun ce a yi da ƙarfe ko siminti, tun da an taɓa yin haka: majami'ar Chartres an sake mata rufi da ƙarfe bayan gobarar 1836, ta Reims kuma da siminti bayan yaƙin duniya na farko. Wasu ma sun ce babu sauran masu iya irin wannan sassaƙa. A watan Yuli 2020 hukumomin Faransa suka yanke shawarar a maida shi kamar yadda yake, da icce.

To, ta yaya za a maida abin da ya zama toka? A nan ne awo ya ceci aikin. A shekarar 2014, wasu masu zanen gine-gine biyu, Rémi Fromont da Cédric Trentesaux, lokacin suna ƙaro ilimi a makarantar Chaillot, sun hau cikin rufin sun auna shi sanda bayan sanda, suka zana yadda kowace ke haɗuwa da ƴar'uwarta. A lokacin babu wanda ya san amfanin da wannan aiki zai yi. Haka kuma wani malamin tarihin gine-gine, Andrew Tallon, ya auna ginin da na'urar hasken leza, ya tara ɗigon awo sama da miliyar guda. Ya rasu a watan Nuwamba 2018, wata biyar kafin gobarar. Da waɗannan awo da wasu irinsu aka sake gina rufin cikin kwamfuta, aka fitar da zanen kowace sanda da lambarta, tsawonta, da wurin da za a huda ta. Shi kansa Fromont yana cikin manyan masu zanen da suka jagoranci aikin.

Amma da aka zo sassaƙa, gatari aka ɗauko. Kamfanonin kafintoci biyu, Perrault da Desmonts, su aka ba aikin tsohon ɓangaren rufin, kuma maƙera suka ƙera musu gatura kimanin 60 a kan samfurin na da. Dukan aikin ya ci itatuwa kusan 2.000. Dalilin komawa ga gatari ba son gargajiya ba ne kawai. Binciken masana, cikinsu har da Frédéric Épaud na cibiyar bincike ta CNRS, ya nuna cewa magabatan kafintoci suna sassaƙa iccen ne tun yana ɗanye, icce ɗaya sanda ɗaya, zuciyar iccen na tsakiya. Zarto na bin layi madaidaici, yana yanke jijiyoyin icce duk inda ya same su. Shi ko mai gatari yana bin jijiyar ne, in iccen ya ɗan karkace ya bi shi, saboda haka sandar ba ta rasa ƙarfinta, kuma ba ta cika murɗewa ba in ta bushe. Shi ya sa na farkon ya yi shekara 800 yana tsaye.

An yi amfani da injunan ɗaga kaya da motocin zamani, an gwada haɗa sassan a ƙasa kafin a kai su Paris, sannan aka hau da su. An kammala ƙashin rufin ɓangaren gabas a watan Janairu 2024, na babban zauren a watan Maris, aka sake buɗe ginin ranar 7 ga Disamba 2024. Kwamfuta ta riƙe awo, hannu ya riƙe icce. Hausawa sun ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma wannan jinka ta tabbatar da haka.

Wani abin lura shi ne, zane ba sabon abu ba ne ga kafintocin Faransa. Tun da daɗewa suna da ilimin shata rufi a daɓen ƙasa da girmansa na gaskiya kafin su sari icce, ilimin da hukumar UNESCO ta sa cikin jerin al'adun duniya a 2009. Ke nan kwamfuta ta zo ta tarar da mutanen da suka riga suka san darajar zane, ta sauƙaƙa musu.

Abin da inji bai sani ba

A cikin kwamfuta katako ba ya da hali. Ko'ina ɗaya yake, ba ido, ba tsaga, ba ɓangaren da gara ta ci. A rumfa kuwa kowane falanki da halinsa. Icce na shan damshi yana kumbura, yana bushewa yana tsukewa, kuma a faɗinsa yake wannan motsi, a tsawonsa kusan ba ya yi. Duk mai ƙofar katako a ƙasar nan ya san wannan: ƙofar da ke rufuwa lafiya da hunturu, in damina ta kankama sai an sa mata kafaɗa. Kafintan da ya ƙware yana barin ɗan sarari domin wannan numfashi na icce. Manhaja ba za ta bar shi ba sai in wanda ya zana ya san da shi ya sa.

Na biyu, haƙorin inji kewayayye ne. Saboda haka ba ya iya fidda kusurwa mai kaifi ta ciki. In ya huda ramin da harshen katako zai shiga, kusurwoyin huɗu sai su fito da ɗan lanƙwasa, dole a bi su da kurfi a gyara, ko kuma a sa injin ya ɗan wuce kusurwar ya bar huji da ake gani. Na uku, in haƙorin ya tafi gaba da jijiyar icce yakan ɓantare baki, musamman a wurin ido. Na huɗu, yana barin sawu a jikin aikin, sai an zauna an goge. Haɗawa, mannewa, gugar ƙarshe da shafa mai, duk suna nan suna jiran hannu.

Wani malamin sana'a Bature ɗan Ingila, David Pye, ya yi wani bayani a 1968 da ke taimakawa a nan. Ya raba aiki gida biyu: akwai aikin da sakamakonsa ke cikin haɗari har sara na ƙarshe, domin hannu na iya kuskurewa a kowane lokaci, akwai kuma aikin da an riga an tabbatar da sakamakonsa tun kafin a fara. Masassaƙin akushi yana cikin na farko, injin CNC yana cikin na biyu. Amma shi Pye ya nuna cewa yawancin sana'o'i gauraye suke, domin ko kafintan da ya yanka samfurin kwali ya riƙa zana ƙafafun kujera da shi, ya rage ma kansa haɗari ke nan. Shi kansa ya ƙera wata na'ura ta hannu da yake tsaga ado a jikin akusan da yake sassaƙawa. Ashe tambayar da ta dace ita ce: wane sashe na aikin za a miƙa ma na'ura, wane ne za a riƙe?

Lissafin falanki guda

Mu dawo gida. Ƙasarmu ta Sahel ce, katakon da kafintocinmu ke aiki da shi a Yamai, Maraɗi, Damagaram da Tawa mafi yawansa shigo da shi ake yi daga ƙasashen kudu, kuma duk wanda ya taka kasuwar Katako ya san kuɗinsa ba wasa ba ne. Ke nan duk guntun da ya faɗi ƙasa, kuɗi ne ya faɗi. A nan ne zanen kwamfuta ke da amfani tun ba a yi maganar inji ba.

Ga misali da kowa zai iya gwadawa da fensir. Babban falankin nan na falle-falle da ake saidawa yana da tsawon santimita 244 da faɗin 122. A ce kafinta na son fidda allunan kanta masu santimita 61 da 41. A ido, 244 in aka raba 4 ya ba da 61 cif. Amma bakin zarto na cin kimanin milimita 3 a kowane yanka, saboda haka na huɗun zai gaza. A faɗi ma 41 sau 3 ya zama 123, ya wuce da santimita guda. In ya jera su yadda aka saba, alluna 6 kawai zai samu, in ma ya yi dabarar jujjuya su ba za su kai 10 ba. To amma da ya rage santimita guda a kowane gefe, ya maida su 60 da 40, alluna 12 zai fidda daga falankin nan guda. Mai kanta ba zai ma lura da bambancin ba, amma kafinta ya tsira da kuɗin falanki. Irin wannan lissafi manhajojin tsara yanka ke yi cikin ƙiftawar ido, kuma wasunsu a wayar salula ma suna aiki.

Amfani na biyu shi ne zaman lafiya da mai aiki. Rigimar kafinta da masu kayan ɗaki sananniya ce, musamman lokacin bukukuwan aure. Uwar amarya ta kwatanta gado da baki, kafinta ya ji da kunne, ranar ɗauka sai ka ji ana cewa: «Malam, ai ba haka muka yi da kai ba.» In da an nuna mata zanen a waya, da tsawonsa da launinsa, ta amince tun kafin a yanka, da gani ya kori ji. Daga zanen ne kuma za a fidda jerin katakon da ake bukata, a yi kuɗin aiki bisa lissafi, ba bisa kintace ba.

Amfani na uku shi ne maimaici. Wanda ya samu kwangilar teburan lakwal 200 yana bukatar kowace ƙafa ta zo daidai da ƴar'uwarta. Zai iya buga zanen da girmansa na gaskiya a takarda, ya manna a falanki, ya yanka samfur guda mai kyau, yaran shago su riƙa bin sa. Ko kuma ya kai fayil ɗin wurin mai inji a yanka masa samfurin kawai, sauran aikin ya yi da hannunsa.

Kafin a sayi inji

Injin CNC da ya fi yawa a ƙananan masana'antu shi ne mai teburin santimita 130 da 250, wanda ke ɗaukar falanki guda cur, kuma yawancinsu daga ƙasar Sin suke fitowa. Wanda ya gan shi yana zana fure a jikin ƙofa cikin awa ɗaya, dole ya yi sha'awa. Amma akwai abubuwan da mai saidawa ba ya cika faɗa ba.

Injin na son wutar lantarki tsayayya, wasu ma sai mai layi uku. In wuta ta ɗauke a tsakiyar aiki, yana iya mance inda yake, haƙori ya karye ko katakon ya lalace, kuma mun san yadda wuta take a watannin zafi. Yana son tsabta, alhali ƙurar hunturu da garin katako na shiga hanyoyin da yake gudu a kai. Haƙoransa na dakushewa, kuma sai an yi odarsu daga waje. In wani sashe na lantarki ya ƙone, ba kowane mai gyara ne zai iya taɓa shi ba. Sannan ga lafiya: tun 1995 cibiyar binciken cutar daji ta hukumar lafiya ta duniya ta sa ƙurar katako cikin abubuwan da ke haddasa cutar, musamman a hanci, kuma inji na tada ƙura mai laushi fiye da zarton hannu. Dole a haɗa shi da na'urar zuƙe ƙura, masu aiki su rufe hanci da kunne.

Fiye da duk wannan, injin ba ya ciyar da kansa sai yana aiki kullum. Kafinta guda mai gadaje uku a wata ba zai iya maida kuɗinsa ba. Shi ya sa a wurare da dama ake tarayya a kansa. Akwai tsarin rumfunan haɗin gwiwa da ake kira Fab Lab, wanda Farfesa Neil Gershenfeld na jami'ar MIT ya assasa a farkon shekarun 2000, inda ake ajiye injuna kowa ya zo da zanensa ya yi aiki. Ɗaya daga cikin na farko a wajen Amurka an buɗe shi ne a 2004 a makarantar fasaha ta Takoradi da ke Gana. A birnin Lome na Togo, a rumfar WoeLab, wani matashi Afate Gnikou ya haɗa injin buga abubuwa daga tarkacen tsofaffin kwamfutoci a 2013. Wannan ya nuna cewa abin bai fi ƙarfin ƴan Afirka ba, kuma ƙungiyar kafintocin gari guda na iya mallakar inji ɗaya, kowa ya biya kuɗin awa.

Abin da ke cikin haɗari

Akwai abubuwa uku da ya kamata masu sana'a su yi tunani a kansu tun yanzu. Na farko shi ne yaran shago. A tsarinmu yaro na koyon sana'a ne ta hanyar aikin da ake ganin ƙarami: riƙe katako, yanka, guga, huda rami ɗari har hannunsa ya faɗa. To, irin wannan aiki ne inji ke fara ɗaukewa. In aka wayi gari yaro ya iya danna madanni amma bai taɓa jin yadda kurfi ke tafiya cikin maɗaci ba, ranar da zanen ya yi kuskure ba zai gane ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. A koya ma yaro hannu tukuna, sannan zane, sannan inji.

Na biyu shi ne haƙƙin mai fasaha. Adon da maigida ya yi shekara 30 yana gyarawa, da zarar ya zama fayil, ana iya tura shi ta WhatsApp cikin daƙiƙa, a buga shi sau dubu a wani gari ba tare da an ambaci sunansa ba. Nijar na cikin ƙungiyar OAPI mai cibiya a Yawunde, wadda ke rajistar zane da samfurin kayan sana'a, kuma ya dace ƙungiyoyin masu sana'a su nemi sanin yadda ake bi. Haka nan gaskiya a ciniki: wanda ya saida ƙofar da inji ya zana da sunan sassaƙar hannu, ya cuci mai saye, ya kuma karya farashin masassaƙin gaskiya. A faɗa ma mai saye abin da inji ya yi da abin da hannu ya yi, shi ya zaɓa.

Na uku, wanda ya fi damunmu, shi ne abin da ke salwanta ba a rubuta ba. Muna da masassaƙan turmi da taɓarya, akushi da koshiya, allon karatu, kujerar mata, sirdin doki da na raƙumi, gadajen Abzinawa da turakun tantinsu masu ado. Sun san wane icce ya dace da wane aiki, ƙirya ga turmi, aduwa ga allo. Awonsu na cikin ido da tafin hannu, kuma da yawansu sun manyanta, roba da ƙarfe na cin kasuwarsu, itatuwan ma na ƙaranci. Inji ba zai sassaƙa turmi ya fi su ba. Amma ɗalibi mai mitar awo da wayar ɗaukar hoto zai iya zama gaban dattijo ya auna aikinsa, ya zana, ya rubuta sunan kowane sashe da Hausa ko Tamashek, ya naɗi bayaninsa da muryarsa. Haka ma tsofaffin ƙofofi da rufin azara na unguwar Birni a Damagaram da tsohon garin Agadas. Ruwan saman watan Satumba 2024 da ya rusa tsohon masallacin Damagaram na ƙarni na 19 ya isa ya tuna mana cewa gini ba ya ba da sanarwa kafin ya faɗi. Ɗalibai biyu ne suka auna rufin Paris shekara biyar kafin wuta, kuma ba su kashe wata dukiya ba wajen yin haka.

Kira ga waɗanda abin ya shafa

Muna da wuraren da za a fara. Akwai makarantar fasaha ta Ɗan Ƙasawa a Maraɗi, akwai cibiyoyin koyon sana'a a kananan hukumomi, akwai asusun FAFPA da aka kafa domin tallafa ma horon sana'a, akwai masu sana'ar hannu na ƙauyen Wadata da na gidan tarihi na Boubou Hama a Yamai. Horon zane ba ya bukatar injin miliyoyi. Tsohuwar kwamfuta, manhajar kyauta da malami guda sun isa a fara, kuma kafintan da ya iya karanta mita ya riga ya yi rabin tafiya. Ya kamata a yi horon cikin harsunan gida, a kuma yi shi da yamma bayan an tashi daga rumfa, domin mai sana'a ba zai rufe shagonsa wata guda ya koma aji ba.

Ga matasanmu da suka gama lakwal suna zaune, masu iya kwamfuta amma ba aikin yi, ga wata ƙofa. Ku je wurin maigidan rumfar unguwarku da ladabi, ku ce: «Baba, ka koya mini icce, ni kuma in zana maka.» Ga iyayenmu masu sana'a kuma, kada ku kori yaron nan. Gizagonku na nan a hannunku, babu mai karɓe shi, sai dai a samu wanda zai ajiye awonku domin jikoki.

Masu sana'ar da ke da abin cewa kan wannan batu, ƙofar shafin nan a buɗe take. Allah ya sa albarka a sana'a, ya kuma kai mu mako mai zuwa lafiya.